Dan Allah a ba ni shawara: ina so in kai 'yan ajina gidan tarihi na Onikan, an taso ni gaba

Malama Maman Ilham (Agege):
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai. Ni dai asali ba turanci na karanta ba, aure ne ya kawo ni Legas shekara shida kenan, da farko kayan kicin nake sayarwa a gida kafin wata maƙwabciyata ta haɗa ni da wata makarantar kuɗi a nan Agege, aji ɗaya aka fara ba ni, da malamin aji huɗu ya ajiye aiki ya koma tuƙin keke sai aka ce in riƙe na wucin gadi, toh wucin gadin nan yau zango uku kenan.

Matsalata insha'i. Na ce su siffanta kasuwar unguwarsu, wallahi kamar sun haɗa baki, kasuwa babba ce, tana da kyau, akwai mutane da yawa, shikenan. Yaron da kullum sai ya ratsa ta gefen layin dogo ya wuce masu tumatir da mahauta amma a takarda bai ga komai ba.

A hutun da ya wuce ƙanin maigida ya zo daga Zariya muka kai shi gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, har da Ilham. Da muka zo gaban motar da aka harbe Janar Murtala a ciki, yarinyar nan da sai ka matsa mata take magana ta fara zuba, Mama baƙa ce, Mama ga ramukan harsashi, Mama a ina ya zauna, har muka dawo gida ba ta yi shiru ba. Nan na ce ashe abin gani ne yaran nan suka rasa. Na kai wa mai makaranta maganar ya ce in je in tara kuɗin mota da kaina, wani uba kuma ya aiko cewa ba za a kai ɗansa kallon gumaka ba. Ranar Asabar taron iyaye, me zan ce musu?

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam. Malama yara nawa ne a ajin, kuma da wane yare suke rubutun? Ba ki faɗa ba.

Baba Malam Idi-Araba:
'Yata, shekara talatin na yi ina riƙe alli, ki saurare ni. Tunaninki daidai ne amma kin ɗauki abin ta wutsiya. Mota ba za ta koya wa yaro siffantawa ba, labari za ta sa shi ya ba ki, an harbe shi, ya mutu, ranar 13 ga Fabrairu 1976, ya gama. Abin da kike nema kawunan Nok ne, na yumɓun da aka gasa. Ki tsayar da yaro gaban kai ɗaya, minti biyu ba magana ba biro, sannan ki ce ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai, banda "yana da kyau". Zai ga ido mai kusurwa uku, an huda ƙwayar idon, an huda hanci, ga gyaran gashi. Jimla huɗu kenan kin samu ba ki sha wahala ba. Kuma kayan nan daga wajenmu suka fito, ƙauyen Nok a kudancin Kaduna yake, masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928, sun haura shekara dubu biyu. Gidan tarihin nan tun 1957 yake tsaye a Onikan, yaranmu an haife su a Legas ba su taɓa leƙawa ba. Uban nan kuma ki rabu da shi, jahilci ne.

Hajiya Mai Atamfa:
Haba Baba Malam, ya za ka kira uban yaro jahili don yana tsare wa ɗansa addini? Ni ma da 'yata ce sai na tambayi malamanmu tukuna. Malama ki bi a hankali, makarantar kuɗi iyaye ne ke riƙe da ita, uba ɗaya ya cire ɗansa biyar za su bi shi, kuma ke za a sallama.

Ummu Fadila Mile 12:
Ni wannan yawon buɗe idon ma ya fita raina. Bara makarantar yarana suka karɓi kuɗi a hannunmu har da na riga, aka ce za a kai su wurin ilimi, ashe wani babban kanti aka kai su suka sha askirim suka dawo ƙarfe bakwai na dare saboda gosulo, ƙaramin ya yi amai a mota ba wanda ya kira ni, da na je yin magana hedimasta ya ce wai na cika ƙorafi. Har yau ko rasit ban gani ba.

Malama Maman Ilham (Agege):
Baba na gode amma gaskiya ban yarda mota ba za ta yi ba, da idona na ga abin da ta yi wa Ilham, launi ta faɗa, ramuka ta ƙirga, wannan ai siffantawa ce. Kuma Murtala sun san shi. Hajiya ni ma fa musulma ce, ba cewa na yi su yi wa wani abu sujada ba. Ummu Fadila ni ba kuɗin kowa zan ci ba wallahi.

Anti Malama Obalende:
Ƙanwata, daga Agege zuwa Onikan da yaran firamare ba wasa ba ne, ga gadar Third Mainland da safe, sai kin samu aƙalla manya uku tare da ke. Kafin nan ki gwada wannan, ba ko sisi. Ki shiga aji da naira ashirin. Gaba Murtala ne, baya kuma Ladi Kwali ce tana gina tukunya. Ki raba su biyu-biyu, ɗaya ya riƙe kuɗin ya siffanta, ɗayan ya juya baya ya zana abin da ya ji. In zanen ya fito ba daidai ba, da kansu za su gane kalmar da aka rasa. Ni haka nake yi da hula zanna bukar da faifai da ƙwarya mai zane. Kuma ki bar su su fara faɗa da Hausa ko buroka, sannan a juya turanci, yawanci sun gani, kalmar ce babu.

Baba Malam Idi-Araba:
A'a Malama Obalende, nan kin ɓata. In kika bar yaro ya saba da buroka a insha'i har kwaman entaran zai kai ta. Kuma hoton kan kuɗi ba ya maye gurbin abu na gaske, dole yaro ya zagaya abin, ya ga girmansa, ya ga inda ya tsage. Ƙwarya kuma kullum yana ganinta a gida, abin da ido ya saba da shi ba ya kallonsa, shi ya sa kasuwar ta gagare su. Onikan ɗin dai, kuma Nok.

Abban Sadik:
Har yanzu dai ba a faɗi yawan yaran ba. In sun kai arba'in danfo biyu ba za su ɗauke su ba.

Malam Na Alaba:
Ku kuna maganar gidan tarihi, ni wata biyu kenan ba a biya ni albashi ba, alli ma da kuɗina nake saya. Malama in mai makaranta bai sa hannu a takarda ba kar ki fita da ɗan kowa, wani abu ya faru ke kaɗai za a bari.

Malama Maman Ilham (Agege):
Anti na naira ashirin ɗin zan iya gwadawa amma ai ba shi na tambaya ba, ni fitar nake so su yi, yaran nan wasu ko teku ba su taɓa gani ba suna cikin Legas. Takarda kuma na san halin mutumin ba zai sa hannu ba, in na jira shi har su gama aji shida ba a je ba. Na riga na yi magana da wani mai danfo a layinmu.

Hajiya Mai Atamfa:
Toh in kin riga kin yanke me ya kawo neman shawara?

Baba Malam Idi-Araba:
Ki turo min lokacin taron, in da hali zan zo da kaina in yi wa iyayen bayani.

Malama Maman Ilham (Agege):
Baba dan Allah kar ka zo ka ce musu jahilai, da su zan zauna bayan ka tafi. Har yanzu fa ba wanda ya faɗa min me zan ce wa uban nan ranar Asabar.