Tambaya kan asalin kalmar "salamat" ta harshen Tagalog na ƙasar Filifin

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana harshe. Wata kalma ce ta hana ni sakat. A Jidda nake aiki tare da 'yan Filifin, kullum sai na ji suna cewa "salamat", wato na gode. Tun jin farko kunnena ya kama Larabci, tushen da ya ba mu salama da sallama.

Na bi sawunta har harshen Malay na yankin Malesiya, inda "selamat" ke nufin aminci da kuɓuta. Hanyar ta yi ma'ana, domin kafin Sifaniyawa su kama Manila, babban birnin Filifin na yanzu, a 1571 sarakunanta Musulmi ne masu alaƙa da Brunei ta masu jin Malay, irin su Raja Sulayman. Ga "hukom" ma a Tagalog, wato alƙali, ɗan'uwan hukuncinmu.

Inda na maƙale shi ne ma'anar. Mutanen Malay ba sa godiya da ita, "terima kasih" suke cewa. To a ina aminci ya rikiɗe ya zama godiya, kuma yaushe? Sannan wannan "t" ta ƙarshe, ta Farisanci ta biyo, inda ake cewa "salamat", ko kai tsaye daga bakin Larabawa 'yan fatauci? Don Allah wanda ya taɓa nazarin wannan ya haskaka min.