Bazden yaro ya faɗo a makon Halowin: yaya kuka yi a gidajenku?

Maman Auta, Columbus

Assalamu alaikum iyaye. Autana zai cika shekara shida ranar 29 ga Oktoba, kuma bana ya shiga aji ɗaya. A da ba mu da matsala, kek ne da shinkafa da 'ya'yan maƙwabta. Yanzu kuwa ya dawo daga makaranta da tsari cikakke: a gayyaci ajinsu kaf, kowa ya zo da shigar Halowin (bikin nan na daren 31 ga Oktoba da yara ke yin shigar dodanni da makamantansu suna bin gidaje ana ba su alawa), shi zai yi shigar kwarangwal. Babansa ya ce ko da wasa. Na je odar kek, littafin da suka miƙo mini daga kabewa sai fatalwa sai jemage. Ba fatawa nake nema ba, muna da malamai. So nake waɗanda 'ya'yansu suka zo duniya a wannan mako su faɗa mini yadda suka yi.

Antin Zango, Bronx

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tawa ranar 31 ɗin tsaf aka haife ta, kin ga ni ce uwar wannan matsala. Tana ƙarama ta ɗauka duk garin bikinta ake yi. A nan unguwarmu yara ba su cika bin gidaje ba, shago-shago suke bi, masu kanti suna miƙa alawa daga bakin ƙofa. Sai ta riƙa ɗaga musu hannu daga cikin keken turawa tana murna. Ban gyara mata ba sai da ta yi wayo.

Shawara ta farko: kada ki sa biki a daren 31 ko da ya faɗo Asabar. Ba wanda zai zo, 'yan ajin duk suna kan titi, iyayensu na bin su a baya. Mu mun mayar da namu Asabar ta farko a Nuwamba. Lokacin zazzaɓin ya sauka, yara sun ƙoshi da dodanni, ba wanda zai tambaye ki ina kabewa. Ga kuma riba: daga 1 ga Nuwamba kantuna ke karya kuɗin cakulan da duk kayan lokacin, wani ma rabin kuɗi. Ki zaɓi wanda ba a zana komai a jikin ledarsa ba. A ranar haihuwar kanta kuwa sai mu yi abin gida, in dafa mata waken shinkafa irin na Kumasi da shito, wato yajin mutanen Gana, a kira kakarta a waya ta sa mata albarka.

Baban 'Yan Biyu, Greensboro

Mu 'yan Nijar muna da yawa a garin nan, kuma duk shekara sai an yi wannan magana a masallaci. Ni ba na yin Halowin, ba kuma na ɓoyewa. Asalin abin daga Ireland da Scotland ne, wani tsohon bikin ƙarshen kaka da ake kira Samhain, inda suka yi imani matattu na kusantar rayayyu a wannan dare. Daga baya coci ta sa 1 ga Nuwamba ranar tunawa da waliyyanta, daren jajiberen ya zama Halowin. 'Yan Ireland da suka kwararo Amurka bayan yunwar dankali da ta fara a 1845 suka taho da shi. Na san maƙwabcina ba Samhain yake tunawa ba idan yana rataye fitilu, alawa da nishaɗi ne a ransa. Duk da haka raina bai kwanta ba.

Ƙa'idar unguwa mai sauƙi ce, wata tsohuwar Baturiya da muke katanga ɗaya ta koya mini: in fitilar ƙofarka a kunne take, kana maraba da yara, in ka kashe, za su wuce ba tare da ƙwanƙwasawa ba, kuma ba wanda zai riƙe ka a zuci. Abin da ya gagare ni shi ne zama a gida cikin duhu yara na leƙe ta labule. Wannan azaba ce gare su. Saboda haka kafin magariba muke ficewa, mu ci abinci a waje, mu wuce masallaci inda ake haɗa wa yara wasanni a daren. Sai an watse muke dawowa.

Malamar Aji, Minneapolis

Maman Auta, ina aiki a firamare, bari in ba ki ta ɓangaren makaranta. Makarantu da yawa yanzu sun daina kiran abin da sunansa, sai su ce walimar kaka, wasu ma sun hana shiga gaba ɗaya. Ki rubuta wa malamarsa tun yanzu ki tambayi me aka tsara. In ba ki so ya shiga, haƙƙinki ne, amma ki tambaya ina za a ajiye shi a lokacin. Na fi son uwa ta zo ta ɗauki ɗanta da rana a kan a bar shi a ɗakin karatu shi da mai gadin littattafai.

Batun kai kek aji kuma, kada ki gasa da kanki. Saboda yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, yawancin makarantu na kanti kawai suke karɓa, mai takardar abin da aka haɗa a jiki, wasu ba sa karɓar abinci sam. Mu da ƙuli-ƙuli da yajin tsire suke cikin jininmu sai mu ga kamar tsirfa ce, amma akwai yaron da ɗan kaɗan zai kai shi asibiti. In kin ga kabewa mai launin shuɗi-kore a ƙofar wani gida, alama ce suna ba da kayan wasa maimakon abin ci, don irin waɗannan yara. Katin gayyata ma akwai ƙa'ida a azuzuwa da yawa: in a aji za a raba, to kowa sai ya samu.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi kowanne ba ni dariya. In kin rubuta ƙarfe biyu zuwa huɗu, iyayen Turawa ƙarfe biyu za ki ji ƙararrawa, ƙarfe huɗu sun kama hannun 'ya'yansu. Mutanenmu kuma a lokacin suke shiga wanka. Ki shirya wa biki biyu a yini ɗaya.

Hajiya Kaka, Houston

Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na zo wankan jegon 'yata ne daga Kano abin nan ya same ni a nan. Da yamma na ga yara rukuni-rukuni, an shafe fuska, kowa da ɗan bokitinsa, suna bin gida-gida ana ba su. Na ce da 'yata, yo wannan ai tashe ne.

Ku da kuka tashi a birni kun sani. Azumi na kwana goma yara za su fito bayan shan ruwa. A liƙa wa yaro gemun auduga, a cusa masa tsumma a baya ya yi doro, ya dogara sanda, an yi Tsoho da Gemu ke nan. Wani ya rataya tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau mai magani. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji. Manya kuma ga Nalako da jama'arsa suna farautar gwauraye. A ba su gero, a ba su kwabo, wani gidan a kore su da tsintsiya. Ba uwar da ta taɓa sayen kayan tashe a kanti, da abin da ke tsakar gida ake yi.

Inda na ga sun bambanta: ɗan tashe sai ya yi aiki kafin a ba shi. Zai yi waƙa, ya taka rawa, ya kwaikwayi malamin da ya yi abin kunya ko mijin da ba ya cefane, kowa ya yi dariya ya kuma ji a jikinsa. Waɗannan kuwa miƙa bokiti kawai suke, a zuba, su wuce. Sannan abin da ban so ba ko kaɗan, kaburburan ƙarya da ƙasusuwa da suke jerawa a ƙofar gida. Mutuwa ba abar ado ba ce. Amma 'yan ƙananan da aka yi wa shigar zuma da kyanwa, wallahi sun ba ni sha'awa, har na aiki jikata ta miƙa musu cincin.

Baban 'Yan Biyu, Greensboro

Hajiya, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa. Tashe a cikin watan ibada ya tsiro, tsakanin Musulmi, kuma ba ruwansa da matattu. Kamannin a ido ne kawai.

Hajiya Kaka, Houston

Ɗana, ban ce ɗaya ba ne. Amma tashen ma ai malamai ba su taɓa haɗa baki a kansa ba, kuma a shekarun nan har 'yan sanda sun dakatar da shi a Kano saboda 'yan daba da ke fakewa a ciki. Abin da nake nufi, yaro ko na ina ne yana son ya sa kayan da ba nasa ba ya fita da dare da sa'o'insa. In ka hana shi wannan, ka nemo masa wani.

Maman Samari, Manchesta

Ni Kirista ce daga Jos, kuma kada ku ɗauka mu duka muna yi. Cocinmu ba ta yarda da shi ba, a daren ake haɗa wa yara walimar haske a zauren coci, da wasanni da alawa, ba mayu ba aljanu. Na tsakiyana 2 ga Nuwamba ne, wato yana maƙale tsakanin Halowin da daren wasan wuta na 5 ga Nuwamba, wanda Ingila ke yi tun da aka kama Guy Fawkes a 1605 yana shirin tarwatsa majalisar dokokin ƙasar. Ga shi Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe. Dole biki ya zama na rana, kuma a cikin ɗaki.

Abin da ya raba mana gardama da yaron: na yarda a yi shiga, amma ni na zaɓi jigon. Na rubuta a kati cewa kowa ya zo a matsayin abin da yake son zama in ya girma. Aka zo da likitoci, 'yan kwana-kwana, ɗan sama jannati, da wata yarinya da ta ce ita mai sayar da askirim ce. Ɗaya ya zo a ɗan fashin teku, na kawar da kai. Iyayen ma sun ji daɗi, don da yawa kayan suna nan a gida, ba sai an sake saye ba. Maman Auta, ki gwada kai wa Baban Auta wannan. Ina zaton kwarangwal ɗin ne ya tsaya masa a wuya, ba shigar ba.

Kawun Yara, Winnipeg

To ni ina barin nawa su fita, kuma ina tare da su ƙafa da ƙafa. Layinmu kawai, gidajen da muka sani, babu abin rufe fuska, babu jini-jini. Na san wasu za su ga baikena, na ji. A garin nan ma sanyi ne ke yanke hukunci: wata shekarar dusar ƙanƙara ta riga ta sauka, duk wani jarumi sai ya ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kan kayansa, ba ka gane Spider-Man sai ta takalmi.

Aikin gaske sai an dawo. A zazzage buhun a kan tabarma, mu zauna tantancewa. Duk alawa mai danƙo da mai laushi kamar soso sai an karanta bayanta, domin yawancinsu da gelatin ake yi, sinadarin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, kuma sau da yawa na alade ne. Alawar kamfanin Haribo da aka yi a Turkiyya gelatin ɗinta na saniya ne, akwai tambarin halal, ana samunsa a kantunan Larabawa da na Turkawa. Shi nake saya in ajiye, in yi musanye da su ɗaya bayan ɗaya don kada a ce Baba ya yi ƙwace. Wannan ya shafi bazde ma: in za ki ƙulla wa yara 'yar jakar tafiya gida, ki duba abin da kike zubawa, haka adon da ake barbaɗa wa kek.

'Yar Jami'a, Niyok

Ina gaida iyayena, ku yi haƙuri da Hausata, a nan na girma. Ni ce yarinyar da ake ajiyewa a ɗakin karatu. Alawar ba ta dame ni ba, Mama tana saya mana fiye da abin da za mu samo. Abin da ya fi ciwo shi ne washegari, kowa na ba da labari, a juyo a tambaye ni me na zama, ba ni da amsa sai “ba a bari na.” Da an zaunar da ni an ba ni dalili da zan iya faɗa da bakina, da ya fi mini sauƙi.

Abin ya canja mini ne lokacin da makarantun gwamnati na birnin nan suka fara rufewa ranar Sallah, bayan sanarwar magajin gari Bill de Blasio a 2015. Ranar da na koma da lalle a hannu, 'yan ajinmu suka sani saboda bikinmu aka ba su hutu, sai tambayar ta juya, ni ake tambaya me muka ci, nawa na samu na barka da Sallah. Ƙanena na Oktoba ne shi ma, kuma abin da ya fi tunawa a bazdensa na shekara bakwai shi ne Baba ya gasa tsire a bayan gida, abokansa suka yi ta layi.

Malamar Aji, Minneapolis

Tsire dai a tambayi iyaye tukuna, saboda ƙuli-ƙulin. A ware wani da gishiri da citta kawai, a gasa shi daban, kada ma wuƙa ta haɗa su.

Antin Zango, Bronx

Na manta batun kek ɗin. Kada ki zaɓa daga littafinsu na wannan wata. Ki je da hoton abin da yake so a waya, mota ko ƙwallo, ki faɗi launi ƙarara, ki ba da oda da wuri don makon cike suke da aiki. Ki kuma yi fanke da yawa. Fiza kan yi saura a bikin yara, amma fanke ban taɓa ganin ya kai ƙarfe huɗu ba, ga mutanenmu kuma suna tafe a baya.