Wa Ya Fi Iya Sherlock Holmes?

Jiya a fadarmu ta Zango, nan Damagaram, har shayi na uku ya sauka ana gardama kan ɗan wasan da ya fi iya fitowa a Sherlock Holmes, gwanin binciken laifi na littattafan Turanci. Shawarar da aka tsayar ga sabon mai kallo: ya fara da Jeremy Brett, wanda ya fito a Holmes daga 1984 zuwa 1994. Shi ya fi kama da na littafi, har zaburar da yake yi in ya hango sawu. Basil Rathbone, mai fim 14, sai mai haƙurin hoto baƙi da fari. Samari kuwa sun kafe kan Benedict Cumberbatch, mai salula a Landan ta yau. Ni dai saurin bakinsa na gajiyar da ni. Aka ce a nemi mai rubutun Faransanci a ƙasa, don a ji muryarsa ta asali.