Muhawara: Wai mai kallon zamiyar ƙanƙara a talabijin ba masoyi na gaskiya ba ne?

Ummita: Jama'a, yau sai na faɗi abin da ke cina. A gasar duniya ta zamiyar ƙanƙara mata 24 ne ke tsallakewa zuwa dogon zagaye, wato zagayen ƙarshe, rukuni huɗu, kowanne mutum shida. Tashar da nake kallo rukunin ƙarshe kaɗai ta haska, sauran 18 ta yar da su kamar ba su zo ba. Ɗan abin da ta haska ɗin ma talla ta cinye shi, ana dawowa sai ka tarar har an ba da maki an wuce. Yarinya ta shekara tana faɗuwa tana tashi saboda minti huɗun nan, a hana mu ganinta don tallan mota? A intanet kuwa tun daga ta farko har ta ƙarshe za ka gani, da ɗumama jiki na minti shida, da zamanta gefen kocinta tana jiran maki. Talabijin ta daina yi wa wasan nan adalci, kuma duk masoyi na gaskiya ya koma intanet.

Anti Hauwa: Na gaskiya? To mu na ƙarya ne ke nan, Ummita?

Ummita: Haba Anti, ba haka nake nufi ba. Maganata a kan yaran da aka yanke ce.

Anti Hauwa: Abin da kika rubuta na karanta. Ba a haife ki ba lokacin da Torvill da Dean, masu rawar ƙanƙara na Birtaniya, suka yi abin da suka yi a Olamfik ta Sarayebo a 1984, alƙalai tara kowannensu ya ba su 6.0, cikakken maki a lokacin, a ɓangaren salo. Mutum fiye da miliyan 24 ne suka zauna gaban akwatin talabijin a Birtaniya kaɗai. Duk waɗannan ba masoya ba ne sai ke da wayarki?

Sadiq: Anti, ranki ya daɗe, ni ina bayan Ummita. Akwai ɗan kallo, akwai masoyi. Ɗan kallo yana tuna wasan nan sau ɗaya a shekara huɗu, in Olamfik ta zo. Masoyi shi ne wanda tun watan Agusta yake bin gasar matasa a shafin YouTube na ISU, hukumar wasan ta duniya, ya san yaro tun yana shekara sha huɗu, ba sai ya rataya zinare ba. Shi ne wanda zai tashi tsakar dare saboda gasar NHK a Japan, a gama kuma ya buɗe takardar makin alƙalai ya ga wa aka rage wa saboda juyinsa bai cika ba. Wace talabijin ce ke ba ka wannan?

Anti Hauwa: Gasar da kake hana idonka barci dominta, sunan wa ke kanta? NHK gidan talabijin ne, ɗana. Tun 1979 ake yin gasar da sunansa.

Sadiq: Suna daban, aiki daban.

Maman Afnan: Wato yanzu soyayya sai da rashin barci? Ni da ke da yara uku da aikin safe, sai na ajiye komai na zauna awa huɗu ina kallon mota tana goge ƙanƙara kafin a sa ni cikin masoya? Talabijin ta tace min, ta ba ni shidan da suka fi, yarana suna gefena muna ihu tare. Afnan yanzu ta san sunan Kaori Sakamoto ta Japan, ta san ta ci gasar duniya sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024. A waya da wa zan kalla? Kowa ya sunkuyar da kai a kan nasa.

Sadiq: Ai ana haɗa waya da talabijin, Maman Afnan.

Maman Afnan: Ana haɗawa, sai yarinya ta ɗauko gudu za ta yi tsalle hoto ya daskare, ƙwallon nan yana ta juyawa a tsakiya. Ya dawo ka gan ta tana gaida jama'a. Ta tsaya ne, ta faɗi ne, oho. Ga data tana tafiya.

Nura: Wannan matsalar sabis ce, ba ta kallon intanet ba.

Maman Afnan: Malam Nura, a wajena duk abu ɗaya ne.

Jamila: Ni abin da ya tsaya min shi ne wa ya naɗa Sadiq mai raba takardar shaidar masoya. Mutumin da ya fara kallon wasan nan jiya-jiya saboda Malinin, ɗan wasan nan na Amurka.

Sadiq: Yauwa, gara da kika kawo shi. Satumban 2022, a Lake Placid da ke Amurka, yana ɗan shekara 17 ya sauka daga tsallen Axel mai juyi huɗu da rabi, karo na farko a tarihin gasa. Ƙaramar gasa ce ta farkon kaka, ba irin wadda manyan tashoshi ke ware wa lokacin dare ba. Ta intanet duniya ta san abin da ya faru. Masu jiran talabijin labari suka ji.

Jamila: Tsalle ne kawai. Hanyu na Japan ya ci zinaren Olamfik a 2014 ya sake ci a 2018, kuma shi ya fara ɗaukar Axel ɗin nan ya kai shi Olamfik a 2022.

Sadiq: Ya kai shi ya faɗi, ya ƙare na huɗu.

Jamila: Da ciwo a idon sawunsa! Ka taɓa ganin yadda yake ratsa fili ba ka ko jin ƙarar takalminsa? Wanda bai san bambancin zamiya da tsalle-tsalle ba shi ne zai koya mana waye masoyi?

Sadiq: Wanda ya ci gasar duniya a Montiriyal a 2024 ya sake ci a Boston a 2025 kike ce wa tsalle-tsalle?

Jamila: Tsarin makin ne ya lalace. Tun da aka jefar da 6.0 bayan rigimar alƙalai ta 2002 aka mayar da wasan lissafi. Kowa sai tara maki.

Nura: Jamila, tsarin da kike zagi da shi aka ba Hanyu duk zinarensa biyu.

Jamila: Ban da kai nake ba.

Ummita: Don Allah, yara 18 na ce an yanke. Ko mutum ɗaya bai ce min daidai ne ko ba daidai ba.

Baba Ilu: Ummita, ki janye kalmar nan tukuna, sai a saurare ki. Ba a buɗe magana da cin fuskar manya.

Ummita: Baba, ban zagi kowa ba.

Nura: Bari na ɗan sa baki, don kowane ɓangare yana ɓoye nasa aibin. Masu yabon intanet ba su gaya muku cewa manhajar da nake biya duk wata, in na kwana biyu ban kalli maimaicin gasa ba, sai na tarar an sauke shi. Wani bidiyon kuma yana nan amma an kashe sautin, ka ga mutum yana ta kaɗa hannu babu kiɗa. Dalilin haƙƙin mallakar waƙoƙi ne. Kafin kakar 2014 masu zamiya ɗaiɗai da masu bibbiyu, ban da masu rawar ƙanƙara, ba su da izinin amfani da waƙa mai baiti, yawancinsu tsofaffin kaɗe-kaɗe suke ɗauka. Da aka buɗe ƙofa sai kowa ya koma waƙoƙin zamani, su kuwa suna da masu su a raye. A 2022 wasu mawaƙa sun kai ƙarar 'yan wasan Amurka biyu har da tashar da ta haska su a Olamfik. Izinin kunna waƙa a fili daban, na haskawa kai tsaye daban, na ajiye bidiyo a intanet don kowa ya kalla lokacin da ya so shi ma daban. Ga kuma shingen ƙasa: ka shiga shafin hukumar don babbar gasa a ce maka ba a nuna ta a ƙasarku, saboda wata tasha ta sayi haƙƙin wajenku, ita kuma tashar ba lallai ta haska duka ba.

Sadiq: Sai ka sa VPN, manhajar ɓoye ƙasar da kake.

Maman Afnan: Ka ji ko? Kuɗin manhaja, kuɗin data, yanzu kuma kuɗin ɓoye ƙasa. Wato masoyi na gaskiya shi ne mai kuɗi.

Sadiq: Ban ce haka ba. Gasar matasa kyauta ce. A Kanada ma CBC tana sakawa a shafinta kyauta ga mutanen ƙasar. Kuma ku duba Amurka: tashar NBC ke da haƙƙin, amma cikakkiyar gasar a manhajarta ta Peacock take, tashar wasanninta NBCSN ma an taɓa rufe ta a ƙarshen 2021. Su kansu masu talabijin sun san inda duniya ta dosa. Zamaninku ne ya wuce, ba laifin kowa ba ne.

Anti Hauwa: Zamanin wa?

Baba Ilu: Sadiq, ka iya bakinka.

Jamila: Ya saba. Haka ya yi min wancan karon a kan maganar alƙalai, har yau bai ba da haƙuri ba.

Sadiq: Wancan karon ke kika fara, kowa shaida ne. Anti, Allah ya huci zuciyarki, zamanin akwatin nake nufi, ba naki ba.

Anti Hauwa: Akwatin nan da kake rainawa, a 1994 lokacin Kerrigan da Harding, 'yan wasan Amurka, a Olamfik, kusan rabin gidajen Amurka masu talabijin suka kunna shi don gajeren zagayen mata. Kai tsaye, ƙasa guda tana riƙe da numfashi. Ka nuna min ranar da intanet ta tara mutane haka a kan wasan nan.

Nura: Anti, ba kai tsaye ba ne. A Nowe aka yi, aka naɗa, aka haska musu da daddare bayan an gama. Kuma rigimar da ke tsakanin matan biyu ce ta ja yawancin mutanen.

Anti Hauwa: Sun dai kalla ko ba su kalla ba?

Nura: Sun kalla.

Anti Hauwa: To shi ke nan.

Jamila: Ni ba talla ce ke ƙona min rai a talabijin ba, masu sharhi ne. Ana tsakiyar kiɗa mai sanyi, su kuma suna ba da labarin abin da ta ci da safe. Ku yi shiru mu ji waƙar mana.

Maman Afnan: In sun yi shiru ta yaya zan san tsallen Lutz daga na Flip? Su suka koya min cewa Axel ne kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, shi ya sa yake da ƙarin rabin juyi. Su suka fahimtar da ni ɗan akwatin makin nan da ke kusurwar allo. Ba kowa aka haifa da ilimin ba.

Sadiq: A gasar matasa mai sharhin ba ya magana sai yaro ya gama, sannan ya bi maimaicin a hankali yana bayani. Haka ake yi.

Jamila: Wannan kam gaskiyarka ce, amma ba ta wanke ka ba.

Nura: Abu ɗaya kuma, a manyan gasa hoton da kuke gani a intanet yawanci kyamarorin gidan talabijin mai masaukin baƙi ne suka ɗauko shi. Kuɗin da tashoshi ke biya don haƙƙin haskawa yana cikin abin da ke riƙe da hukumar. In tashoshi suka janye hannu gaba ɗaya, ban ga wanda zai ɗauki nauyin ba.

Sadiq: Ina hujja?

Nura: Kai ina taka?

Ummita: Na gaji wallahi. Wata yarinya ce nake bi tun tana gasar matasa, ƙasarta ba ta da suna a wasan nan, wannan ne karonta na farko a dogon zagayen gasar duniya. A rukunin farko ta fito. Ita nake son gani, ita ce ba a nuna ba.

Maman Afnan: Da haka kika faɗa tun farko da ba a kai nan ba, ƙanwata.

Ummita: Haka na faɗa.

Baba Ilu: Ya isa haka, zan rufe. Ga abin da na fahimta. An tabbatar da cewa kalmar "na gaskiya" ba ta dace ba, kuma ba wanda ya iya kare ta. Hajiya Hauwa ta kawo hujjoji masu ƙarfi da shekarunsu, cewa talabijin ce ta raini wasan nan ta kai shi gidajen mutane, Nura kuma ya nuna cewa ita kanta intanet ɗin da kyamarar talabijin take gani. An kuma ji irin wahalar da masu manhaja ke sha: hoto ya tsaya, a sauke bidiyo, a kashe sauti, a toshe ƙasa. Abin da Sadiq ya kawo yawanci son wani ɗan wasa ne, ba hujja ba. Saboda haka talabijin ita ce hanyar da ta fi dacewa da iyali da kuma mafi yawan mutane, intanet kuwa ƙari ce ga mai lokaci da hali. Ƙorafin Ummita a kan talla an ji shi, sai dai tasha ba ta rayuwa sai da talla. Sadiq da Jamila, maganar Hanyu da Malinin ku kai ta wani wuri, kada na sake ganinta a nan. Gasa ta gaba wanda ya samu jadawalin tashoshi ya turo mana da wuri.