Muhawara: birkin faifai a ƙafa huɗu, ko a bar wa tsohuwar a-kori-kura birkin diram ɗinta na baya?

Injiniya: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta yi yawa a bakin masu tsofaffin a-kori-kura, wai da zarar ka cire diram ka sa faifai a ƙafa huɗu, mota za ta riƙa tsayawa a rabin tazarar da ta saba. Ban yarda ba. Abin da ke tsayar da mota shi ne riƙon da ke tsakanin taya da kwalta. Idan diram ɗinka yana da ƙarfin kulle taya har ta ja ƙasa, to birki ya riga ya ba da iyakar abin da taya za ta iya ɗauka. Mota mai gudun kilomita 100 a awa, a busasshiyar kwalta da taya mai matsakaicin riƙo, sai ta ci wajen mita 56 bayan birki ya kama. Ka ɗaura mata faifan motar tsere, muddin tayar nan ce, mita 56 ɗin yana nan.

Mai Walda: Wa alaikumus salam. Injiniya, wannan lissafin na taki ɗaya ne, da birki mai sanyi, a shimfiɗaɗɗen titi. A-kori-kura motar kaya ce. Ka loda ta, ka sauko da ita dogon gangare, sannan ka dawo mana da lissafin.

Injiniya: To nan kam ka taɓo inda faifai yake da gaskiya. Mota mai nauyin kilo 2,000 idan ta tsaya daga gudun 100, zafin da birki zai sha ya kai kilojul 770. Idan kuma ta sauko gangaren da zurfinsa daga sama zuwa ƙasa ya kai mita 300 da birki kaɗai, ba a sa ƙaramar giya ba, zafin ya ninka wancan fiye da sau 7. Diram rufaffen kwano ne, zafi ba ya samun mafita da wuri. Faifai a fili yake, mai ramukan iska a tsakiya ma yana yi wa kansa fifita yana juyawa. Amma ka lura, wannan maganar jimiri ce. Maganar rabin tazara har yanzu ban ga hujjarta ba.

Baba Makanike: Ku bari in ƙara muku abin da hannu ke gani. Diram idan ya yi zafi buɗewa yake yi, ya nisanci takalmin birki, sai feda ta riƙa nitsewa direba yana ta famfo. Faifai idan ya yi zafi kumbura yake zuwa wajen fad, wato takalmin da ke matse shi, feda ba ta gudu. Na biyu, takalmin diram yana da wata ɗabi'a: juyawar diram ɗin kanta tana janyo shi ya ƙara cusuwa. Shi ya sa yake ci da ƙaramin taki, kuma shi ya sa ɗan bambanci kaɗan tsakanin hagu da dama, ko ɗigon mai ne ko ruwa ko rashin daidaita saiti, sai ya zama fizgar sitiyari. A gaba wannan haɗari ne. Don haka a ƙafar gaba ba ni da ja, a sa faifai. Kamfanonin ma haka suka yi: Chevrolet C10 ta koma faifai a gaba a 1971, Ford F-100 a 1973. Amma dukkansu sun bar diram a baya, kuma ba mantuwa suka yi ba.

Mai Walda: Baba, arha suka bi. Diram na baya yana tara laka da yashi, abin saitinsa yana cijewa da tsatsa, silindar taya tana yoyo a ɓoye ba ka sani ba sai takalmi ya jiƙe. Fad kuwa ka leƙa ta rim ka ga abin da ya rage, noti biyu ka canza shi. Ga mai jan tirela ko mai shiga ruwa da taɓo, faifan baya ba ado ba ne.

Baba Makanike: Ɗana, sauƙin gyara na yarda da shi. Amma idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, ƙafar gaba ce ke yin kashi 60 zuwa 70 na aikin, wani lokaci fiye. A-kori-kura marar kaya bayanta fayau yake. Abin da ake tsoro a wurin shi ne birkin baya ya yi ƙarfi fiye da kima ya riga na gaba kullewa, sai gindin mota ya zagayo gaba. Toyota Tacoma da diram a baya aka riƙa fitar da ita har samfurin 2023. Sannan ga birkin hannu. Na diram yana riƙe mota da lodi a kan tudu ba gardama. Na faifai sai ka nemo kalifa (ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai) mai hannun waya, irin ta Cadillac Eldorado ta 1976 zuwa 1978 da aka saba ɗaukowa, wadda idan ba a yawan jan birkin hannun ba fistin ɗinta ba ya bin fad, feda ta yi ta sauka. Ko kuma faifai mai ƙaramin diram a cikinsa, ka ga an koma gidan jiya.

Makaniken Birki: Ku gafarce ni, duk kuna ta magana a kan taya, alhali inda aikin yake lalacewa wajen masta ne, wato famfon da feda ke tura man birki da shi. Yawancin masu cewa "na sa faifai birki ya ƙara lalacewa" tsohon masta suka bari. Abu uku ne. Na farko, mastan diram yana da ɗan bawul a bakin fitar mai da ke riƙe matsi kamar psi 10 (psi ma'aunin matsi ne) a cikin layi, don kada robar silindar taya ta saki ta sha iska. Sifirin ɗin takalmi ya fi ƙarfin wannan matsin, ba ya damunsa. Kalifa ba ta da sifirin mai mayar da fad, don haka psi 10 ɗin zai sa fad ya riƙa gugar faifai, rim ya yi zafi, fad ya ƙone. Dole a cire bawul ɗin daga layin da aka mayar faifai. Idan mastan a ƙarƙashin daɓen mota yake, ƙasa da kalifa, sai a sa na psi 2 don kada mai ya koma baya. Na biyu, fistin kalifa babba ne, kuma yana ƙara fitowa yayin da fad ke cinyewa, mai yana binsa. Ƙaramin kofin mastan diram zai iya ƙafewa kafin fad ya ƙare. Na uku, idan motar mai masta layi ɗaya ce, irin na kafin ƙarshen shekarun 1960, a jefar da shi a sa mai layi biyu. Tiyo ɗaya ya fashe a layi ɗaya, ƙafa huɗu sun tafi.

Injiniya: Malam, a ƙara da faɗin mastan, don nan mutane ke juya lissafi. Suna zaton babban masta shi ne ƙarfi. Ka taka feda da ƙarfin fam 100, feda mai ninki 6, fam 600 ke nan a kan fistin. Masta mai faɗin inci 1 zai ba ka kusan psi 760. Mai inci 1 da 1/8 zai ba ka kusan psi 600 kawai, feda ta yi tauri kamar dutse mota kuma tana tafiya. Faifai ba ya taimakon kansa irin na diram, matsi yake so. In babu busta, wato abin da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfin taki, a tsaya a inci 1 ko 15/16 da feda mai ninki 6. In akwai busta, inci 1 da 1/8 da ninki 4 ya yi.

Mai Dizal: Tambaya a kan bustan. A injin fetur busta tana samun zuƙar iska daga manifol, bututun da injin ke shaƙar iska ta cikinsa, ana son wajen inci 18 a ma'auni. Dizal ba shi da wannan, sai famfon zuƙa, wanda a motoci da yawa yake bayan altaneta, ko busta mai aiki da man famfon sitiyari. Duk wanda zai yi wannan aiki a dizal ya fara auna famfonsa kafin ya sayi komai. Amma sandar da ke tsakanin busta da masta fa, tazara nawa ake bari tsakaninta da fistin?

Makaniken Birki: Kamar rabin milimita, Yaya. In sandar ta yi tsawo tana danne fistin, ƙaramin ramin da mai ke komawa kofi ya toshe, sai ka ga mota ta yi 'yar tafiya birki ya kama kansa da kansa yayin da mai ya ɗumama. In ta yi gajarta, feda ta yi wasa kafin ta ci. Sannan idan gaba faifai ne baya diram, a sa bawul ɗin haɗaka da aka yi domin wannan tsarin. Yana ɗan jinkirta na gaba har takalman baya su rinjayi sifirin ɗinsu, kuma yana rage matsin baya a taki mai ƙarfi. Wanda ya mayar da ƙafa huɗu faifai ba zai yi amfani da wannan ba, sai na faifai da faifai ko mai saitin hannu. Motocin da ke da bawul mai auna lodi a kan aksil na baya, irin Hilux, kada a cire shi a jefar.

Mai Walda: To ai kun ga da bawul mai saiti an magance tsoron Baba. Ga yadda ake bayan in za a yi shi da kyau. Biraket daga farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10, a ɗaure da kusoshi masu lamba 10.9, ba na kasuwa marasa lamba ba. A aksil ɗin da farantin bayan diram yake cikin abin da ke riƙe boris, idan ka cire farantin dole ka mayar da wani abu mai daidai kaurinsa, in ba haka ba shaf zai riƙa wasa ciki da waje yana tura fistin kalifa baya. Bakin shaf kuma wani lokaci sai an rage shi a injin kafin faifai ya zauna daram. A auna karkacewar faifai da agogon awo, kada ta wuce milimita 0.1. Kalifa ta zauna tsakiyar faifai, a daidaita da siraran washa.

Baba Makanike: Da kyau, amma ka faɗa musu kada kowa ya yi walda a jikin nokul na gaba, wato ƙarfen da tayar gaba ke ɗaure a kansa. Ƙarfen da ke ɗauke da taya da sitiyari ba wurin gwaji ba ne. A gaba a nemi nokul da hob na samfurin da ya fito da faifai daga kamfani, ko biraket mai ɗaurin kusa. A kuma duba ramukan rim: C10 ɗin da na ambata, da ta koma faifai ta tashi daga kusa 6 zuwa 5. Tsohon rim na diram, ko da inci 15 ne, cikinsa yakan gogi kalifa. A gwada shi a juya da hannu kafin a sauke jak.

Mai Walda: Wannan haka yake, Baba. Ni ma a bututun aksil na baya kaɗai na yarda da walda.

Makaniken Birki: Saura haɗawa. Nonon cire iska ya kalli sama. In ka musanya kalifar hagu da ta dama zai koma ƙasa, ka kwana kana bilidin iska ba za ta fita ba. A cire wa masta iska a kan benci kafin a ɗaura shi, sannan a fara daga tayar da ta fi nisa da masta. Bututun ƙarfe na 3/16 a yi masa baki mai ninki biyu, ban da jan ƙarfen famfo, ban da mahaɗin matsewa. Tiyon roba a gwada shi sitiyari a ƙarshen hagu da dama, mota a ɗage taya na reto, kada ya miƙe ko ya taɓa taya. Man birki kuma sabo daga rufaffiyar kwalba: mai lamba DOT 3 yana tafasa a digiri 205 na Celsius, DOT 4 a 230, amma in sun sha danshi sai su sauko 140 da 155. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su. Ƙurar tsohon diram kada a hure ta da iska, tsofaffin takalma suna iya ƙunsar asbestos mai cutar da huhu, a jiƙa a goge.

Injiniya: Mai Walda, bawul mai saiti rage matsin baya kawai yake yi, ba ya ƙara wa gaba komai. In ka sa kalifa mai babban fistin a baya, za ka iya murɗa shi har ƙarshe baya na ci gaba da riga kullewa. Girman fistin baya ya kamata ya yi ƙasa da na gaba sosai tun wajen saye.

Mai Walda: Shi ya sa ake gwaji. Bayan an zaunar da fad da taki 8 zuwa 10 daga gudun 60 zuwa 10 ba tare da tsayawa cak ba, a bar shi ya huce, sai a sami fili marar mutane, mota ba kaya, a taka da ƙarfi a gudun 30 wani yana kallo daga gefe. Gaba ya fara kullewa. In baya ya riga, a rage masa a sake. Sannan a loda ta a maimaita.

Baba Makanike: A ƙara da na uku: da lodin nan a kai ta kan tudu, a sa giya a furi, a ja birkin hannu a ɗaga ƙafa. In ta motsa ko taƙi ɗaya, aikin baya bai ƙare ba, ko da na ƙafa yana ci kamar me.