Madannin Enter: "Shiga" ne, ko "Shigar"?

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, a kan babban madannin nan na gefen dama a kibod ɗin kwamfuta, wanda aka rubuta wa Enter. Sau da yawa in na ga an fassara shi, "Shiga" ake sa masa. Ni dai ban gamsu ba, kuma Baffana ne ya fara ankarar da ni.

Tsohon akawu ne, ya daɗe da yin ritaya. Watan jiya ya ce in koya masa aiki da kwamfutar ɗansa. Muna zaune a zaure kan tabarma, ya ɗora ta a kan matashi, tabarau a karan hanci, yana farautar haruffa da yatsa ɗaya. Da ya gama rubuta sunansa a gurbin da aka tanada, sai na ce, "Baffa, yanzu sai ku danna Shiga." Ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "In shiga ina, ɗana? Ai ga ni a zaune. Sunan ne dai zan shigar." Nan take na gane cewa kunnensa ya kama abin da masu fassara da yawa suka tsallake.

Bari mu bi kalmar zuwa gidansu. Enter ba haifaffiyar Ingila ba ce, baƙuwa ce da ta zauna har ta zama 'yar gari. Tsohon Turanci yana da tasa kalmar, ingan, wato "ciki" da "tafi" a haɗe. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi ya tsallako daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gari na tsawon ƙarnuka. A wannan zaman ne entrer ta Faransanci ta kutsa cikin bakin Turawan Ingila, zuwa wajejen 1300 har ta fara bayyana a rubuce-rubucensu. Su ma Faransawa gadonta suka yi daga Latin, daga intrare, wadda ta fito daga intra, ma'ana "a ciki". Ga wanda ke son bin dangi, inter da ke farkon kalmar da muka ara muka ce intanet 'yar'uwarta ce ta jini, sai dai ita "tsakani" take nufi.

To, da ta zauna a Turanci sai ta ɗauki kaya biyu a kai ɗaya. Na farko, mutum ya kai kansa ciki: ɗaki, makaranta, aikin soja, gasa. Na biyu, mutum ya kai wani abu ciki: akawu ya rubuta kuɗi a littafin ajiya, malami ya sa sunan yaro a rijista, lauya ya gabatar da takarda a kotu. Bature kalma ɗaya yake furtawa a duka biyun, sai dai mai sauraro ya gane daga abin da ya biyo baya.

Mu kuwa ba mu da wannan ƙuncin. Daga saiwa ɗaya muna da shiga, da shigo in wajen mai magana aka nufo, da shige in an wuce ciki an ɓace, da shigar da in wani abu aka kai. Yaro ɗan shekara biyar ba ya rikita "na shiga ɗaki" da "na shigar da akuya ɗaki". A kotu ma ƙara ake shigarwa, ba wanda ke cewa ya shiga ƙara in shi ne ya kai ta. Me zai sa mu ajiye wannan bambancin da muka gada, don kawai Turanci ba shi da shi? Abin yana min ciwo, domin duk wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki ma'anar farko ya tafi, ya bar mai karatu da fassarar da ba ta yi masa jagora ba.

Kuma ba mu kaɗai muka ci karo da wannan ba. Wanda ya yi Larabci ko kaɗan ya san bambancin dakhala da adkhala, shiga da shigarwa. Larabawa da za su raɗa wa madannin suna, ta biyun suka ɗauka, suka ce miftahul idkhal. Jamusawa ma daga kalmarsu ta miƙa bayani ciki suka samo nasu sunan, Eingabe. Faransawa ne suka rubuta Entrée, daga entrer ɗin nan tasu, kuma wani ɗan'uwa daga Damagaram ya shaida mini cewa a wajensu "antire" suke cewa, kamar yadda yaranmu na shagunan kwamfuta a Kano da Kaduna ke cewa "danna enta".

Wata Hajiya da ke koyar da kwamfuta ta yi mini gyara mai kyau. Ta ce, "Malam, Shigar shi kaɗai kamar maganar ba ta ƙare ba, kunne yana jiran da." Hajiya, na ji wannan, amma duba yadda muke magana a kasuwa: "Ka sayar?" "Na sayar." "Ruwan fa?" "Ta zubar." Haka ma "Ka shigar?" "Na shigar." Magana ce cikakkiya, ba ta neman ciko. Inda na fi ganin haɗari shi ne a rubuce, don ana iya karanta shi kamar a "shigar Hausawa", wato sutura. Amma a kan madanni, a gaban mutumin da ya gama rubutu yana neman abin dannawa, da wuya hankalinsa ya tafi ga babbar riga.

Wani kuma ya ce a bar enta kawai, tunda ta riga ta kama baki. Ba na faɗa da aro, da shi muka samu mota da tebur da asibiti. A hira ni ma enta nake cewa. Sai dai enta ba ta gaya wa sabon ɗalibi komai, haddace ta kawai zai yi. Shigar kuwa tana faɗa masa aikin da madannin ke yi tun kafin ya taɓa shi.

Ga inda na tsaya. Cikakken suna a littafi ko darasi, madannin shigarwa. A fuskar madanni ko a allon waya, inda wuri ya yi kaɗan, Shigar. Ita kuma Shiga a bar ta inda take da gaskiya, wato lokacin da mutum zai shiga asusunsa na imel ko na Facebook, don a nan shi ne mai shigan. Lambar sirri kuwa masu POS sun riga sun yanke mana hukunci, kullum muna jinsu: "Alhaji, saka fin ɗinka ka danna kore." Saka lambar sirri ya wadatar.

Saura aiki ɗaya da ban samo masa suna ba. In ana rubuta wasiƙa, madannin ba ya shigar da komai, sauko da kai sabon layi yake yi. Baffa ne ya warware mini tarihin wannan, da ya ga 'yar kibiyar da ke jikin madannin, wadda ta sauko ta lanƙwasa hagu. Ya ce a tafiretarsu ta ofis, in an kusa ƙarshen layi ƙararrawa ce ke ƙara, sai ka kai hannun hagu ka tura wani ƙarfe, takarda ta haura layi ɗaya, kan injin ya koma farko. Ya kwatanta mini da hannu a iska, har yau hannun bai manta ba. Wannan komawar ce ta sa kwamfutocin Apple ke rubuta return, wato komawa, a kan nasu madannin. Shi Baffa "sauka layi" yake ce wa aikin, ni kuma na rubuta "sabon layi" a takardar da nake shirya masa. Malaman da ke koyar da yara kwamfuta, don Allah ku gwada duka biyun a aji, ku gaya mana wanda ɗalibai suka fi saurin kamawa.