Neman shawara: tsoffin waƙoƙin Turawa da suka taɓa zama lamba ɗaya

Sadiq: Salam jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema. Ranar Asabar zan ɗauki yayanmu babba daga Kaduna mu wuce Jos biki, shi kuma mayen tsoffin waƙoƙin Turawa ne, na ce zan haɗa masa memori na hanya sai ya kafa min sharaɗi wai duk waƙar da zan sa sai wadda ta taɓa zama lamba ɗaya a jadawali, ko na Amurka ko na Ingila. Ni kuma ɗan 2001 ne wlh ban da Michael Jackson ban san kowa ba. Ku taimaka min kar na ji kunya.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam Sadiq. Ai ka zo gidan. Rubuta Celine Dion a sama tukunna kafin kowa ya buɗe baki, My Heart Will Go On, ta fim ɗin Titanic. Lokacin muna makarantar kwana babu littafin yarinyar da ba a kwafe baitocinta a bayansa ba, rabinmu ma ba mu san me take cewa ba, mu dai idan sarewar nan ta farko ta tashi shikenan an fara matsar ƙwalla

Malam Habu: Anti Bilki ta cika sharaɗi, amma za ki sha mamaki, sati biyu kacal ta yi a saman Billboard Hot 100, wato jadawalin Amurka, a farkon 1998. A waƙoƙin ita Celine ɗin ma Because You Loved Me ta fi ta daɗewa, sati shida a 1996, The Power of Love kuma huɗu a 1994, ita wannan ma asalinta ta Jennifer Rush ce.

Anti Bilki: Sati biyu?? Malam Habu a ɗakinmu dai shekara biyu ta yi, har sai da rakodar ta cinye kaset ɗin muka ɗinke shi da jan farce

Ummi: hhhh jan farce kuma Anti

Anti Bilki: Ke yarinya ce. Zaren kaset idan ya tsinke da shi ake liƙewa, a sa biro a naɗe

Baba Iro: Ku yaran nan duk kun fara daga tsakiya. Sadiq shekarar yayan naka nawa?

Sadiq: Ya haura hamsin Baba

Baba Iro: To madalla. Sa masa Rivers of Babylon ta Boney M, 1978 ta yi sati biyar a saman jadawalin Ingila. Waƙar ma ba tasu ba ce, wasu 'yan Jamaika ne The Melodians suka fara yin ta, baitocin kuma daga Zabura aka ɗauko su, mu da muke ta rawa da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa ba mu sani ba. Sannan ka ƙara Kenny Rogers, Lady, 1980. Lionel Richie ne ya rubuta masa. Idan motar ta hau hanyar Saminaka da yamma ka saki wannan, za ka ga ya yi shiru yana kallon taga.

Malam Habu: Baba tunda ka taɓo Boney M bari na ɓata maka rai kaɗan. Muryar namijin da kake ji a faifan ba ta Bobby Farrell mai rawar nan ba ce, ta Frank Farian ce, Bajamushen da ya haɗa ƙungiyar. Kuma shi dai wannan mutumin ne ya sake yin irin wannan da Milli Vanilli, samari biyu masu kitso da suka hau lamba ɗaya har sau uku a Amurka a 1989 alhali ko baiti ɗaya ba su rera a faifan ba, baki kawai suke motsawa. Da asiri ya tonu a 1990 aka ƙwace lambar yabo ta Grammy da aka ba su.

Baba Iro: Na sani Habu, amma kiɗan dai bai yi ƙarya ba

Nura: Ni dai ban yarda a sa Milli Vanilli ba, algus ne. Sadiq rubuta Billie Jean kawai a matsayin ta buɗe taro, sati bakwai a 1983, daga faifan Thriller da Quincy Jones ya tsara. Wannan gangar da bes ɗin na farko ko sifikar motarka ta fashe sai sun yi daɗi. Amma ka kula da ƙafarka a kan totur don tana sa gudu

Ummi: Ni Westlife nake jira a ambata tun ɗazu kowa ya yi shiru. My Love, Flying Without Wings, Queen of My Heart, dan Allah akwai wayar da ba ta da My Love a zamanin da ake tura waƙa ta bulutut? Yayata ita ce ringin ɗinta shekara da shekaru

Nura: Westlife ai waƙar masu aika wasiƙar soyayya ce, su zauna a kan kujeru sai an zo ƙarshen waƙa su miƙe tsaye gaba ɗaya kamar an ce ga shugaban makaranta nan

Ummi: Yaya Nura ka bari, na san kana da su a ɓoye

Malam Habu: Ummi tana da gaskiya ta ɓangaren Ingila. 'Yan Ireland ne, kuma waƙoƙinsu bakwai na farko duk a jere suka hau lamba ɗaya, tun daga Swear It Again a 1999 har zuwa My Love a 2000, jimilla sun yi goma sha huɗu. Abin dariya, wadda ta katse musu jerin waƙar katun ɗin yara ce, Bob the Builder, ita ta tare What Makes a Man a lamba biyu lokacin Kirsimetin 2000. A Amurka kuwa ba su taɓa kusantar sama ba, Swear It Again ce kawai ta ɗan leƙa ta tsaya a lamba 20. Su ma Backstreet Boys da ake ta zuzutawa ba su taɓa yin lamba ɗaya a Hot 100 ɗin ƙasarsu ba, amma I Want It That Way ta yi a Ingila a 1999, don haka ta shiga ta ƙofar baya.

Sadiq: Malam Habu wai kai duk a ka kake riƙe da waɗannan? To Bob Marley fa, na san yana son shi sosai

Malam Habu: A nan sharaɗin yayanka zai cuce shi. Bob Marley bai taɓa hawa lamba ɗaya a Hot 100 ba. Waƙarsa dai ta hau, I Shot the Sheriff, amma a bakin Eric Clapton a 1974.

Nura: To wannan jadawalin nasu ma akwai gyara. Mutumin da hotonsa ke jikin kowace tifa da kowane shagon aski

Malam Habu: Ai ba daɗin waƙa suke aunawa ba Nura, lissafin ciniki ne. Billboard sun fara Hot 100 a watan Agustan 1958, abin da suke haɗawa shi ne yawan faifan da aka saya da yawan sa waƙar a gidajen rediyon Amurka, daga baya aka ƙara sauraro ta intanet, YouTube ma sai 2013 aka fara ƙirga shi. Kuma kafin ƙarshen 1998 idan kamfani bai fitar da waƙa ita kaɗai a kasuwa ba to ba za ta shiga ba ko da kowa na rera ta, shi ya sa Don't Speak ta No Doubt ta mamaye rediyo wata da watanni amma ba ta shiga Hot 100 ba, kamfanin so yake ka sayi faifan gaba ɗaya. Kaset ɗin da muka riƙa saya a kasuwa an kwafa daga wani kaset ɗin kuwa ai babu mai ƙirga shi ko'ina.

Anti Bilki: Mu koma kan shawara kar yaron nan ya tafi hannu rabbana. Whitney Houston, I Will Always Love You. Farkonta babu kiɗa ko ɗaya murya ce tsura, sannan can wajen ƙarshe a yi ɗan shiru a buga ganga ɗaya ta ɗaga, wlh har yau tsikar jikina tashi take. Sati 14 ta yi daga ƙarshen 1992, wannan ko Malam Habu ba zai gyara min ba

Malam Habu: Ban gyara ba Anti, daidai ne, ta fim ɗin The Bodyguard. Ƙari kawai, Dolly Parton ce ta rubuta ta fitar a 1974, kuma waƙar bankwana ce ta yi wa Porter Wagoner abokin aikinta da za ta bar shirinsa ta kama gabanta. Wato rabuwa ce ba haɗuwa ba.

Ummi: Innalillahi, a dinar ƙawata da ita ango da amarya suka shigo

Nura: Gara ita. Ni na je bikin da aka sa Every Breath You Take ta The Police, waƙar da shi kansa Sting mawaƙin ƙungiyar ya ce ta mai kishi ce da bin diddigi, mutumin da ya ƙi sakin mace ta sarara. Amma dai Sadiq ka sa ta, sati takwas ta yi a 1983, kuma gitarta ce Puff Daddy ya ɗauka ya yi I'll Be Missing You a 1997 bayan kisan Notorious B.I.G. Ka jera su kusa da juna yayanka zai ce ka san abin da kake yi

Moussa Maraɗi: Assalamu alaikum, ina ta karatu ban ce komi ba. Ku duka Amurka da Ingila kuka sani, mu nan jadawalin Faransa munka tashi da shi. Aïcha ta Khaled ɗan Aljeriya, 1996, ta yi lamba ɗaya can, kuma duk wata A'isha ta garin ga ta sha tsokana da ita. Wanda ya rubuta ta, Jean-Jacques Goldman, shi ne dai ya rubuta ma Celine Pour que tu m'aimes encore, wadda ni a wurina ta hi ta Titanic nesa ba kusa ba. Sai 7 Seconds ta Youssou N'Dour da Neneh Cherry, 1994, sati 16 tana bisa a Faransa, da Wolof da Faransanci da Turanci duka cikin waƙa guda. Ingila lamba uku ta tsaya.

Anti Bilki: Moussa ka ja wa kanka, ta fi ta Titanic?

Moussa Maraɗi: Anti ki saurara tukun sannan ki yanke mini hukunci

Sadiq: Yaya Moussa sharaɗin Amurka ko Ingila ne amma zan saka Aïcha a ƙarshe in ce kuskure ne, sunan matarsa ke nan ma hhh

Ummi: To wai babu namu ko ɗaya da ya taɓa hawa? Sade fa, ba a Ibadan aka haife ta ba?

Malam Habu: A Ibadan aka haife ta a 1959, amma Smooth Operator lamba biyar ta tsaya a Amurka. Wanda ya hau shi ne Seal, haifaffen Landan ne mahaifiyarsa 'yar Najeriya, Kiss from a Rose 1995 bayan an sa ta a fim ɗin Batman Forever. Daga Afirka kai tsaye kuma tun 1968 Hugh Masekela na Afirka ta Kudu ya hau da Grazing in the Grass, busa ce zalla babu rerawa. Sai Wizkid a One Dance ta Drake 2016, sati goma a Amurka sha biyar a Ingila, sai Tems a Wait for U ta Future 2022. Calm Down ta Rema da Selena Gomez duk ƙarar da ta yi lamba uku ta kai.

Nura: One Dance kam sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji Wizkid a ciki, kamar yana waƙa daga ɗakin maƙwabta. Gara Akon, Lonely da muryar nan ta ɗan tsako, ta yi lamba ɗaya a Ingila 2005, Don't Matter kuma a Amurka 2007

Baba Iro: Muryar ɗan tsakon nan Bobby Vinton ne aka ƙara wa gudu, Mr. Lonely ta 1964. Kun ga dai komai wajenmu kuke dawowa. Kuma ban ji an ambaci We Are the World ba, 1985, da aka yi don tara kuɗin yunwar Habasha. Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta. Mu wasan da muke yi da ita shi ne canko mai murya, wannan Stevie Wonder ne, wannan Tina Turner, idan aka zo kan Bob Dylan sai kowa ya fashe da dariya. Minti bakwai ce Sadiq, za ta rage muku hanya.

Anti Bilki: Boyz II Men fa jama'a, End of the Road, sati 13 a 1992 kafin Whitney ta zo ta shafe su, sannan One Sweet Day su da Mariah Carey sati 16, an fi shekara ashirin kafin Despacito ta kamo ta a 2017

Nura: Anti a hanya fa za su saurara, waƙa mai suna ƙarshen hanya ba ta dace da mota ba, Allah ya kiyaye. Kuma idan ya jera su Celine da Whitney da Boyz II Men a jere barci zai kwashe direba kafin Pambegua. Ka riƙa tsarma masu zafi a tsakani, Boombastic ta Shaggy, Gangsta's Paradise ta Coolio, duk 1995 ne kuma duk sun hau a Ingila

Sadiq: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na ƙirga na samu ashirin da wani abu. Billie Jean ce farko, Lady na ajiye ta sai Saminaka kamar yadda Baba ya ce, End of the Road na cire saboda Yaya Nura ya tsorata ni. Macarena fa, na ga an ce sati 14 ta yi a 1996?

Anti Bilki: Kar ka kuskura

Baba Iro: Sa masa, amma ka tabbata ba shi ke riƙe da sitiyari ba